Ɗana ya daina zuwa Mas, babansa ya ce ko da duka sai ya je

"Ni Katolika ce, maigidana ma haka, 'ya'yanmu huɗu. Babban ɗanmu yana da shekara 16. Tun yana ƙarami yake yi wa Fada hidima a bagade, amma yau wata biyar ke nan ya ƙi zuwa Mas. Da farko cewa yake kansa na ciwo, yanzu kuwa ya fito fili ya ce shi bai ga amfanin zuwa ba. Babansa ya ce muddin yana kwana a gidan nan dole ya je, ko da duka ne. Ni ina tsoron kada dolen ta ƙara kore shi, ina kuma tsoron in na yi shiru Allah ya tambaye ni. Ga ƙannensa sun zuba masa ido. Me Ikilisiya ta ce, me kuma zan yi?"

'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da iyalinki. Na karanta tambayarki sau biyu, na ga tsoro iri biyu suna jan ki, ɗaya gabas ɗaya yamma: kada tilas ta kore yaron gaba ɗaya, kada kuma shirunki ya zama sakaci a gaban Allah. Dukansu tsoro ne na uwa mai bangaskiya, babu wanda zan ce ki yar da shi. In an tace maganarki, abin da kike tambaya shi ne inda ikon iyaye ya tsaya a kan addinin ɗan da ya fara zama mutum. Ni katekis ne, wato malamin koyar da addini a Ikilisiya, na daɗe ina koyar da matasa masu shirin karɓar sakramentin ƙarfafawa, ibadar da ake tabbatar da wanda aka yi wa baftisma cikin bangaskiya, ni ma kuma uba ne da ya taɓa tsayawa inda maigidanki yake tsaye yau.

Abin da Ikilisiya ta ɗora muku

Bari in fara da gefen da maigidanki yake da gaskiya, domin yana da ita. Ranar aurenku a gaban bagade an tambaye ku ko za ku karɓi 'ya'ya daga hannun Allah, ku kuma rene su bisa ga koyarwar Kristi da Ikilisiyarsa, kuka amsa. Ranar baftismar yaron nan aka sake tuna muku da wannan nauyi, kuka sake amsawa. Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron shugabannin Ikilisiyar Katolika, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta kira iyali ikilisiyar cikin gida, ta ce iyaye su ne masu shelar bangaskiya na farko ga 'ya'yansu, da baki da kuma hali. Wajibcin zuwa Mas ranar Lahadi yana nan a doka ta 1247 cikin kundin dokokin Ikilisiya na 1983, dokokin Ikilisiya kuwa suna hawa kan ɗan Katolika tun daga cikarsa shekara 7 in yana da hankalinsa. Katekisim ma, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2217, ya ce muddin ɗa yana zaune a gidan iyayensa, ya kamata ya yi musu biyayya a abin da suka nema domin amfaninsa ko amfanin iyalin. Uban da ya ce "a gidan nan ana zuwa Mas" bai wuce gona da iri ba.

Sai dai majalisar da ta ba iyaye wannan girma, ita ce kuma a 1965 ta fitar da takarda a kan 'yancin addini, ta ce amsar da mutum yake ba Allah ta wurin bangaskiya dole ta fito daga yardar ransa. Maganar ta fi shafar wanda bai shigo Ikilisiya ba tukuna, ɗanki kuwa ya riga ya shigo, amma tushen da aka kafa ta a kai ɗaya ne. Ana iya ɗaukar jikin yaro a zaunar da shi a coci, zuciyarsa kuwa sai in shi ya kawo ta. Ki duba Markus 10. Saurayin nan mai dukiya, Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, ya faɗa masa gaskiya mai nauyi, da ya juya ya tafi kuma bai bi shi da barazana ba. A Yohanna 6 ma, da almajirai da yawa suka ja da baya, Yesu tambayar manzanninsa sha biyun ya yi ko su ma suna so su tafi ne.

Maganar duka kuwa, ina roƙon maigidanki ya ajiye ta. Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6:4 kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata, ya sake faɗa a Kolosiyawa 3:21 ya ƙara da dalili: don kada su karai. Na ga samari da yawa da aka riƙa koro su zuwa Mas da sanda ko da zagi. Sun zo, ba su taɓa fashi ba, har ranar da suka bar gida zuwa makaranta ko aiki. Daga ranar sai kujerarsu ta zama fanko, wasu kuwa har yau in an ambaci coci abin da yake faɗo musu a rai shi ne fuskar ubansu cikin fushi.

Ruwa ba ya tsami banza

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinki shi ne yaron nan da kansa yake hidima a bagade, sai kwatsam ya tsaya. "Ban ga amfanin zuwa ba" sau da yawa murfi ne kawai, ainihin maganar tana ƙarƙashi, kuma kowane dalili da maganinsa.

Wani lalaci ne tsagwaronsa. Ya raba dare da waya, gari ya waye jiki ya ƙi tashi, ya yi fashi sau ɗaya, sau biyu, har abin ya zama jiki. Wannan shi ne mafi sauƙi, gyaran daren Asabar wayewar Lahadi yake bukata.

Wani kuma kunya ce, kuma a abin da na gani ta fi yawa fiye da yadda iyaye suke tsammani. Saurayi ya faɗa cikin wani zunubi irin na ƙuruciya, ya san bai kamata ya karɓi Jikin Kristi ba, wato gurasar da ake karɓa a Mas, sai ya furta zunubinsa ga Fada, amma Fadan da zai furta wa shi ne wanda yake tsayawa kusa da shi kowace Lahadi, wanda ya san muryarsa. In ya zo bai karɓa ba, kowa zai gani, a gida a tambaye shi. In ya karɓa, lamirinsa ya hana shi sakat. Sai ya ga mafita ita ce ya daina zuwa ɗungum. Irin wannan yaro bangaskiyarsa tana nan da ranta, ita ce ma take cizonsa. Abin da zai taimake shi shi ne ya ji, ba tare da an nuna shi da yatsa ba, cewa yana iya furta zunubi wurin kowane Fada a kowace majami'a, a bayan labule in ya so, kuma Fada ba shi da ikon faɗin abin da ya ji ga kowa, ko da iyaye ne, ko da za a kashe shi.

Akwai mai tambayoyi. Ya ji a aji ko a intanet cewa kimiyya ta rushe addini, ko an yi rasuwar da ta girgiza shi, yana tambayar ina Allah yake. Ina son irin waɗannan yara ƙwarai, kuma ina baƙin ciki da yadda muke rufe musu baki da "kada ka yi saɓo". Toma ya yi mako guda cikin shakka yana zaune tare da sauran manzanni, ba su kore shi ba, Yesu kuwa da ya zo sai ya nuna masa hannuwansa. Na taɓa samun wani saurayi a ajina da ya ce ai masana sun gano yadda duniya ta fara, saboda haka labarin halitta ya faɗi. Na gaya masa cewa mutumin da ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, ya kuma ce a 1931 duka ya faro ne daga ɗigo guda, Fada ne na Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître. Wannan bai amsa masa kome da kome ba, amma ya gane cewa tambayarsa tana da wurin zama a cikin Ikilisiya, ya ci gaba da zuwa yana kawo wasu. In ɗanki ya tambaye ki abin da ya fi ƙarfinki, ki ce masa "zo mu nemo amsar tare", ki kuma cika alkawarin.

Akwai wanda aka ɓata wa rai a coci. Wani babba ya daka masa tsawa a gaban jama'a don ya yi kuskure a hidima, ko abokan hidimarsa sun mai da shi abin ba'a. Mu manya mukan ga abin ƙarami ne, ga ɗan shekara 16 kuwa mutunci shi ne kome. A nan dole in faɗi magana mai nauyi, ba don ina zargin kowa ba. In yaro ya daina zuwa wani wuri farat ɗaya, yana guje wa wani mutum takamaimai, barcinsa ya lalace, ya zama mai saurin fushi ko mai yawan shiru, uwa ta tambaye shi a hankali ko wani ya taɓa shi ko ya yi masa abin da bai dace ba. In ya ce i, ki gaskata shi, ki raba shi da wurin, ki kai magana ga hukuma da kuma ofishin Bishop. Tun 2019 Paparoma Faransis ya wajabta wa kowace dayosis, wato yankin da Bishop yake kula da shi, ta kafa hanyar karɓar irin wannan ƙara. Rufa wa irin wannan asiri ba kare Ikilisiya ba ne.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar ji, wato abin da yaro yake gani a gida. Matashi yana da ido mai kaifi a kan bambancin abin da muke faɗa da abin da muke yi. Nan ne ni na yi tuntuɓe. Shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane haƙurin Kristi, amma kowace safiyar Lahadi gidana cike yake da faɗa: kun makara, wane irin kaya ne wannan, za ku ba ni kunya. Ranar da ɗana ya ce mini "Baba, Lahadi ce ranar da ka fi fushi", ban sami abin cewa ba. Na nemi gafararsa a daren, kuma daga wannan neman gafarar ne magana ta buɗe tsakaninmu.

Yadda za ki gano wanne ne a cikinsu: kada ki tayar da maganar da safiyar Lahadi, kada kuma a gaban babansa ko ƙannensa. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu kuna wani aiki ko kuna tafiya, domin samari sun fi sakin baki in ba a kafe su da ido ba. Ki ce masa kin lura, ba faɗa kika zo yi ba, so kike ki fahimta. Sa'an nan ki yi shiru ki saurara har ya gama, ko da ya faɗi abin da ya sosa miki rai. Zama na farko wataƙila ba zai ba ki kome ba. Ki sake komawa.

Abin da za ku iya nema, da abin da ba a taɓawa

Ga inda ni na tsaya. Ɗan shekara 16 da yake ƙarƙashin kulawarku, kuna da iko ku nemi ya je Mas a matsayinsa na ɗan gida, kamar yadda kuke neman ya je makaranta ko ya gaida kakanninsa ko da ransa bai so ba. Ku faɗa masa a fili cewa jikinsa kuke nema ya kasance a wurin, abin da ke cikin zuciyarsa kuwa tsakaninsa da Allah ne. Sa'an nan ku ba shi fili a cikin wannan iyaka. Doka ta 1248 ta ce wanda ya halarci Mas da yammacin Asabar ya sauke wajibcin Lahadi, kuma a kowace majami'ar Katolika ce. Ya zaɓi lokacin da ya fi masa, ya je wata majami'a in ya fi sakewa a can, ya zauna a baya shi kaɗai, ya ajiye hidimar bagade. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya saɓa wa dokar Ikilisiya, kuma na ga yara da dama da wannan ɗan sararin kaɗai ya ishe su.

Abubuwa uku kuwa kada ku tilasta, ko da wasa. Kada ku tura shi layin karɓar Jikin Kristi, kada kuma ku tambaye shi dalilin da bai karɓa ba. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 11 kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar, kuma yaron da ya zauna bai tashi ba wataƙila ya fi wanda ya tashi don idon mutane girmama sakramentin. Kada ku tilasta masa furta zunubi, domin furci ba tare da tuba ba fanko ne. In kuma bai karɓi sakramentin ƙarfafawa ba tukuna, kada ku matsa masa don sa'o'insa suna karɓa a bana. Dokar Ikilisiya ta ce mai karɓa ya kasance da shiri a zuciya, ya kuma iya sabunta alkawaran baftisma da bakinsa. Jinkirin shekara ɗaya ko biyu ya fi a sa shi yin alkawarin da bai yarda da shi ba a gaban Bishop.

To in ya kafe ya ce ko ƙofar ba zai taka ba fa? A nan masu hikima sun rabu, wasu suna ganin a ɗora masa wani horo mai sauƙi, kamar rage masa lokacin waya. Ni ina yarda da haka ne kawai in lalaci ne dalilin. In shakka ce ko rauni, horo yana ƙara zurfafa ramin. Na fi son uba ya ce: ban yarda da shawararka ba, ina baƙin ciki da ita, ba zan daina gayyatarka ba, amma kai ɗana ne ko ka je ko ba ka je ba. Paparoma Faransis ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta 2016 a kan iyali, Amoris Laetitia, inda ya ce iyayen da suka dage sai sun mallaki kowane motsin ɗansu ba tarbiyya suke yi ba, abin da ya fi muhimmanci shi ne su san inda ransa yake, ba inda ƙafarsa take kaɗai ba.

Monika ma ta bi ta nan

Ina so ki san labarin Monika, mahaifiyar Agustin babban malamin Ikilisiya, da kyau, domin an cika taƙaita shi da cewa ta yi kuka ta yi addu'a. Ɗanta Agustin an haife shi a 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Da ya zama saurayi sai ya bi wata ƙungiyar addini ta Manikiyawa, ya yi kusan shekara tara a cikinta. Abin da Monika ta fara yi shi ne irin na maigidanki: ta hana shi zama a gidanta da ci tare da ita. Daga baya ta janye, ta buɗe masa ƙofa. Ta je wurin wani Bishop ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗan, shi kuwa ya ƙi, ya ce yaron bai kai lokacin sauraro ba tukuna, ta bar shi ta yi masa addu'a. Da ta nace da kuka sai ya ce mata ɗan irin waɗannan hawaye ba zai hallaka ba. An yi wa Agustin baftisma a Milan a 387 ta hannun Bishop Ambros, yana da shekara 32, Monika kuwa ta rasu a wannan shekarar.

Abubuwa biyu nake ɗauka daga ciki. Ta jira shekaru fiye da goma, ba watanni biyar ba. Kuma ba bakinta ne ya amsa tambayoyin ɗanta ba, na Ambros ne. Yakan zama haka har yau: maganar da saurayi ba zai karɓa daga uwarsa ba, sai ya karɓe ta daga uban baftismarsa, ko kawunsa, ko wani matashi da ya girme shi kaɗan wanda yake ganin girmansa. Ki duba wa yake da wannan matsayi a rayuwar ɗanki, ki roƙe shi ya kusance shi da abota, ba da wa'azi ba.

Maigida da ƙanne

Kada ki yi gardama da maigidanki a gaban yaran. Ki same shi ku biyu, ki fara da yarda cewa damuwarsa gaskiya ce, sa'an nan ki tambaye shi abin da yake so ya gani nan da shekara goma: ɗan da ya je Mas sau ɗari saboda tsoro, ko namijin da zai kai nasa 'ya'yan da kansa. Sau da yawa fushin uba a irin wannan hali kunya ce, yana tunanin abin da mutanen coci za su ce. In ku biyu ba ku daidaita ba, ku je wurin Fada tare kafin a kai ga ɗaga hannu.

Ƙannen kuwa, ku faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu: yayanku yana fama da wasu tambayoyi, muna ƙaunarsa, muna yi masa addu'a, mu kuma za mu ci gaba da zuwa. Kada ya zama abin misali na mugun ɗa a bakinku. Addu'ar gida ma kada ta tsaya, amma ku gajarta ta: Ubanmu wanda ke Sama, A gaishe ki Maryamu, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kai da mutum ɗaya da yake roƙa wa. Minti biyar ya isa. A gayyace shi sau ɗaya, in bai zo ba a yi ba tare da shi ba, kuma kada a mai da addu'ar hanyar yi masa habaici da "Ubangiji ka shiryi masu taurin kai". Yana jin ku daga ɗakinsa.

Ni daga bakinki kaɗai na ji labarin, ban zauna da yaron ba, ban ji ta bakin babansa ba, kuma ni katekis ne, ba Fada ba, ba likita ba. Abin da ya shafi lamirinki ki kai shi wurin Fadan da kike furta wa, ina kuma sa ran zai gaya miki cewa uwar da ta koyar, ta gayyata, ta yi addu'a, ba ta ɗauki zunubin zaɓin ɗanta ba. In kuwa kin ga ba Mas kaɗai ya bari ba, ya bar abokai, karatunsa ya ja baya, abinci da barci sun canja, ko ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, to a ajiye gardamar Lahadi tukuna, a kai shi wurin likita cikin makon nan.